Yatsu Biyun Yayana

Shagon ɗinkina yana manne da garejin yayana, shekara ashirin ke nan ina shaƙar baƙin mai ban taɓa riƙe sifana ba. Shi tun yana ɗan shekara sha biyar ya fara da facin taya, daga nan ya zarce, har ya zama ba ya taɓa komai a jikin mota sai ƙafarta: taya, sifirin, shokozoba. Kawo masa matsalar inji, ka ga kallon da zai yi maka kamar ka yi masa ashar.

Duk layin Yatsa Biyu ake kiransa, don ba ya awo da komai sai hannunsa. In ya gama ɗaura taya, sai ya zura manuniya da ta tsakiya tsakanin robar da madigadi. In sun shiga daidai, ba matsi ba sako-sako, mota ta tashi. Abin taƙamarsa a duniya guda ɗaya ne: ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Ya sha faɗa a gaban matarsa da mu duka cewa ranar da aka dawo masa da mota, ranar zai rufe gareji. Mu da muka san shi ba ma dariya, don Yaya ba ya magana biyu.

Rannan wani lauya ya kawo wata jar mota mai kujera biyu, irin ta tsere, gajeriya kamar an zauna a kanta. Wai yana so a sa mata tayoyi masu faɗi, a kuma ƙara sauke ta ƙasa. Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Mutum da hankalinsa ya sayi motar da ko surukarsa ba zai iya rage wa hanya ba, kuma ya ce ba ta gama kwanciya ba? Na ajiye rigar mutane na fito kallo.

Yaya ya ce faffaɗar taya ta fi kama kwalta a kwana, amma in ba a yi mata wuri ba, bakin madigadi zai yanka ta. Na ga ya ɗumama ƙarfen don kada fenti ya tsage, ya naɗe guntun katako da tsumma yana lanƙwasa bakin zuwa ciki kaɗan-kaɗan. Sannan ya shiga murza wani zobe a jikin shokozoba, motar tana sauka a hankali. Da zai yi awon ƙarshe sai da ya sa lauyan ya zauna a ciki, wai mota in ba kowa a ciki ƙarya take yi. Kwana uku aka yi. Ya zura yatsu a ƙafa huɗun, ya buga bodin da tafin hannu ya ce a tafi.

Kwana huɗu sai ga jar mota ta dawo.

Lauyan mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce in ya sassauta sitiyari, sai ta riƙa janye shi hagu. Yaya ya duba iska, ya duba notuna, ya karɓi zare a wurina ya ja daga tayar baya zuwa ta gaba, komai cif. Ya sake zura yatsu: biyu, biyu, biyu, biyu. Abincin da matarsa ta aiko har ya huce bai buɗe ba.

Ni ban san mota ba, amma na san riga. Da na ja baya na tsaya a gabanta, sai na ga kamar kafaɗar hagu ta ɗan zube, irin wadda mai kaya ba ya gani sai tela. To ta yaya awo zai zo ɗaya? Sai na daina kallon motar na koma kallon Yaya. In yana gefen dama, da hannun dama yake awo. In ya zagayo hagu, sai ya sa na hagu. Na ƙura wa na daman ido. Gaɓoɓin sun kumbura sun yi suntum. Wallahi sai da na ji kunya, kullum muna tare ban taɓa lura ba.

Na ja lauyan shagona, na kunna masa fanka, na dawo.

"Yaya, haɗa hannuwanka biyu mu gani."

Ya harare ni, amma ya haɗa. Yatsun daman sun fi na hagun kauri, ko makaho ya shafa zai sani. Ya daɗe yana kallonsu.

"Tun bara yake mini ciwo, Auta," ya ce. "Na ɗauka ciwo ne kawai. Ban san har ƙarya zai sa ni ba."

Ya tsuguna ya murza zoben gefen dama da hannun hagu, ya auna ƙafa huɗun da hagun kaɗai. Lauyan ya zaga da ita ya dawo yana murmushi, ya ce yanzu kam ko sakin sitiyarin ya yi, miƙe take tafiya. Ya yi godiya ya wuce.

Ko la'asar ba a kira ba Yaya ya fara tattara sifanu. Na bi shi ina magiya, na ce magana ce fa ba rantsuwa ba, na ce akwai asibiti, na ce hannun hagun ai lafiyarsa ƙalau. Ya ce ya ji. Ya jawo ƙofar ƙarfen, ya saƙala kwaɗo, ya danna, ya ƙi shiga. Ya sake dannawa har sai da ya cije leɓe. Sai ya matsa gefe bai dube ni ba, ni na danna masa.