Motocin Ƙarfen Babanmu

Babanmu direba ne, amma bai taɓa tuƙa motar haya ba. Masu binciken aikin gona yake ɗauka daga nan Samaru zuwa ƙauyukan da kwalta ba ta je ba, a cikin wata koriyar jif mai goye da safayar taya a baya. Da damina yakan dawo gida da laka har gwiwa, ya zauna a tsakar gida yana ba Inna labarin rafin da suka haye da wanda ya ƙi hayuwa.

Wani daga cikin masu binciken, da zai koma ƙasarsu, ya ba shi wata 'yar ƙaramar jif ta ƙarfe, irin tasa sak, ba ta fi tafin hannu ba. Ƙofofinta suna buɗewa, kuma akwai wani ɗan mutum zaune a ciki riƙe da sitiyari. Daga nan abin ya shiga ransa. Ranar Asabar sai ya hau bas zuwa kasuwar Sabon Gari, wajen masu gwanjon kayan wasan yara da suke zazzage dila a kan tamfol. Ya tsuguna cikin mata masu zaɓar 'yartsana, yana tona. Ba ya ɗaukar ta roba, ba ya ɗaukar ƙaramar mota irin ta yawon gari. Sai mai manyan tayoyi, mai tsani a baya ko ƙarfen ɗora kaya a sama. In ya samu, ya ɗora ta a tafin hannu ya ji nauyinta tukuna.

Inna takan ce, “Tsofai-tsofai da kai, kana kokawa da yara a kan abin wasa.”

Shi kuwa ya ce, “Waɗannan ba na yara ba ne. Yaro bai san darajarsu ba.”

A hankali ya cinye mata kabad ɗinta mai gilashi, inda take jera tangaran. Motar da ta zo ba taya, ya yanka tsohon tib ɗin keke ya yi mata. Wadda fenti ya goge, ya shafa mata da tsinken ashana. Bayan ya yi ritaya, Inna kuma ta rasu, kusan su ne abokan hirarsa.

Ni ce 'yarsa ta biyu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Ina koyarwa a firamare, aurena kuma bai kai ni nesa ba, Hayin Dogo ne kawai, don haka kullum in na tashi daga makaranta sai na biya gida. Yayanmu shi ne a gidan da matarsa. Yana da shagon kayan wuta a unguwar PZ, kuma tun da Baba ya ajiye aiki, ɗawainiyar gidan a wuyansa take.

Ciwon ya fara ne kamar wasa. Baba ya sa takalmi a cikin firji, muka yi dariya, shi ma ya yi. Daga baya ya fara tambayar ina Inna ta je ta daɗe haka. Wata safiya matar Yaya ta same shi a ƙofar gida sanye da tsohon kakinsa na aiki, wai yana jiran a kawo masa makullin mota. Muka kai shi asibiti. Likitan ya yi masa tambayoyi, ya sa aka ɗauki hoton kansa, sannan ya kira mu gefe ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Na tambaye shi me za mu yi. Ya ce mu bar shi cikin abubuwan da ya saba da su, kada mu riƙa yi masa gardama.

Abin da ya saba da shi kuwa motocin nan ne. In hankalinsa ya tashi, yana kai-kawo yana neman hanyar fita, sai in buɗe kabad in kwaso su in jera masa a kan tabarma. Nan take zai zauna. Ya lanƙwasa gefen tabarmar ya zama tudu, ya shimfiɗa hiraminsa ya zama rafi. Ya manta sunayen jikokinsa, amma bai manta inda ake sauka da mota a gangaren kowane ƙauye ba. Yana tura koriyar nan a hankali yana cewa, “Kada ka taka da ƙarfi, yashi ne. Bar ta a giya ta biyu.” Da ɗan mutumin cikin motar yake magana. Ni ban ga aibu a ciki ba. Sai in zauna kusa da shi ina duba littattafan yara, har la'asar ta yi.

Abubuwa biyu ne suka haɗu a mako guda. Na farko, wata taya ta cire daga ɗaya daga cikin motocin, Baba ya sa ta a baki, wataƙila ya zaci goro ne. Ta maƙale masa. Yaya ne ya yi ta bubbuga bayansa har ta faɗo, kuma matarsa ta ce mini ba ta taɓa ganin Yaya ya firgita irin na ranar ba. Na biyu, Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo daga cikin birni duba shi. Ta tarar da shi yana yi wa ɗan mutumin faɗa a kan ya kashe mota a tsakiyar ruwa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana salati.

Ta tara mu a ɗakin Yaya. Ta ce, “Kuna zaune kuna kallo mutum yana hira da gunki, kuna cewa ciwon asibiti ne? Ɗakin da ke da mutum-mutumi wane alheri ne zai shiga cikinsa? A fitar da tarkacen nan, a dage da addu'a.”

Na ce, “Gwaggo, addu'a muna yi. Amma likita ya ce a bar masa abin da ya saba da shi. Su kaɗai ne suke zaunar da shi.”

“Ke rufe mini baki. Na san shi tun ba a haife ki ba.”

Na juya wajen Yaya na ce a cire ɗan mutumin, a ware masu sakakkun tayoyi, a bar masa sauran. Yaya bai dube ni ba. Ya ce, “Ba kya nan lokacin da idonsa ya firfito. Da ya mutu a hannuna fa?” Na ce to a ba ni in kai gidana in ajiye. Gwaggo ta ce abin da ake so a rabu da shi ba a canza masa ɗaki. Aka tashi ba a yanke komai ba, ni kuma na ɗauka maganar za ta bi ruwa kamar yadda maganganun gidanmu suka saba.

Ranar Litinin na biyo daga makaranta na tarar da kabad a buɗe, ba komai a ciki sai shatin tayoyi a kan katako. Baba yana barci. Matar Yaya ta biyo ni ɗakin tana murza hannu. Ta ce da safe, kafin Yaya ya tafi shago, ya juye motocin a buhu ya ba wani mai gwangwan, irin masu sayen tsofaffin ƙarafa, da ke wucewa da kurarsa. Ta ce ta yi magana, ya ce ba ruwanta.

Ko jakata ban ajiye ba na fita. Na tambayi masu shagon bakin layi, suka ce 'yan gwangwan na unguwar nan duk Sabon Gari ake kai kayansu, wani fili a bayan masu walda. Na tari keke napep, muka bi ta Kwangila cikin cunkoso, ina ta ce wa mai keken ya yi sauri kamar shi ne ya tare hanyar.

Ban taɓa shiga irin wurin ba. Ƙarfe ne tuli-tuli ya fi tsayin ɗaki: gadaje, murhu, ƙofofin mota, tukwanen da suka huje. Mai wurin, wani dattijo mai jar hula, ya saurare ni har na gama. Bai yi mini dariya ba. Ya ce, “Hajiya, ƙananan kaya irin wannan ba ma zuba su nan. Buhu ake ɗurawa, kuma motar da ta yi lodi ɗazu ta tafi da na yau. In ma yaran da ke kawo mana kayan ba su tsince sun sayar a hanya ba.” Duk da haka ya sa aka kwance mini buhunan da suka rage. Na tsuguna da kayan makaranta a jikina ina tona murafan kwalba da ƙusoshi da guntayen famfo, har wani abu ya yanke ni a yatsa. Ban samu ko ƙofa ɗaya ba.

Daga nan na wuce kasuwa, wajen mai gwanjon da Baba ya fi saye a hannunsa, wani mutumin kudancin Kaduna mai fara'a. Ya gane ni, don ina yarinya nakan raka Baba. Ya ce, “Ina Baba direba? Ya kwana biyu bai leƙo ba.” Da na gaya masa, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce yanzu na ƙarfen ba sa kaiwa kan tamfol, tun a bakin dila samari suke tsince su suna tallarsu a waya. Ya tona wani kwali a ƙarƙashin tebur ya fito da guda ɗaya, ja, ta ƙarfe ce amma irin ta tsere, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Ya ce in kai wa Baba, in ce yana gaishe shi.

Na tarar Baba ya tashi, yana tsaye a gaban kabad. Na miƙa masa jar motar. Ya karɓa, ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya mayar mini.

“Wannan ba za ta haye ko kwata ba,” in ji shi. Sannan ya nuna kabad ɗin. “Uwata, an fita da motocin ne?”

Na tuna likita ya ce kada a yi masa gardama, sai na ce, “Eh, Baba, sun tafi aiki.”

“Duka?”

“Duka.”

Can ya ce, “Ba a kira ni ba.” Ya zauna a bakin gado yana kallon hannayensa. “Ko na yi wani laifi ne? Ni dai ban taɓa kayar da mota ba. Ki je ki tambayo mini.”

Na ce to. Na fita tsakar gida na tsaya a jikin rijiya, don kada ya ga fuskata.

Tun daga ranar ba abin da ke zaunar da shi. An yi addu'o'in da Gwaggo ta ce, kuma har gobe muna yi. Amma da gari ya waye zai nemi kakinsa, ya ce zai je ofis ya ji dalilin da ya sa aka sallame shi ba takarda. Wata rana ya fice ba wanda ya gani, sai wani ɗalibi ne ya riƙo hannunsa daga bakin babban titi, ya ce ya same shi yana tsayar da kowace jif da ta wuce.

Na so in yi fushi da Yaya, na kuwa yi na 'yan kwanaki, ko gaisuwar kirki ba ma yi. Sai ga shi wata rana da yamma ya shigo da wani babban kwali daga PZ, mota ce ta roba mai batir, mai manyan tayoyi, ana tuƙa ta daga nesa. Ya durƙusa a gaban Baba, mutum mai 'ya'ya da furfura a gemu, yana danna abin tuƙin, motar tana zagaya ɗaki tana ƙara. Baba ya janye ƙafafunsa, ya ce a fitar da ita kada ta taka mutane. Yaya ya kashe ta ya ɗauka. Da zan tafi gida na same shi zaune a zaure da kwalin a cinyarsa. Ya ce, “Na je wajen 'yan gwangwan ɗin, sun ce wata mata ta riga ni zuwa.” Na ce ni ce. Ya gyaɗa kai. Na zauna kusa da shi har aka kira magariba.

Na sa cigiya a wajen malaman makarantarmu, na sa ɗan wata maƙwabciya ya duba mini a waya. An samo guda biyu masu kama da nasa. Baba ya karɓa ya yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo, ya tura su ƙarƙashin filo, bai sake waiwayarsu ba. Likita ya ce wataƙila ko da motocin suna nan ciwon zai kai inda ya kai yanzu. Wataƙila haka ne. Ba ni da hanyar sani.

Yanzu ƙofar gidanmu da kwaɗo take wuni. Akwai wata 'yar taga a jikinta, daidai fuskar mutum, nan Baba yake tsayawa da hantsi. Layin namu hanyar ɗalibai ce, suna wucewa da jakunkuna a baya. Yakan kira su ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, ya tambaye su ko sun ga motoci sun wuce ta nan, da wata koriya a gaba. Waɗanda suka saba da shi sukan tsaya su ce, “Ba mu gani ba, Baba, amma in mun gani za mu faɗa maka.” Sababbi kuwa sai su dubi juna su ƙara sauri. Ni ina daga ciki da kwanon kununsa a hannu, ina jira ya gaji da tsayuwa in samu ya sha kafin ya huce.