Baba Barau da Ɗan Icen Cikin Kwalin Ashana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Safar, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran maƙwabcinmu Baba Barau makanike, a gidansa da ke Ruwan Godiya. Ni Mansura ce, ɗiyar Halimatu Sa'adiya mai injin niƙa. Ranar da aka yi zaman makoki na kasa buɗe baki, shi ya sa na rubuta.

Baba, ka san da injin nan muke ci. Bara ya buga, domin baƙin mai ya daina zagayawa a cikinsa kuma babu wanda ya sani. Wata biyu muka yi babu niƙa. Da ka gyara shi, ka ce wa Inna idan ya sake bugawa sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Daga nan Inna ta riƙa jin tsoronsa. Ko ya ɗan canza kuka sai ta kashe, mata su kwashe hatsinsu su tafi wani wuri.

Sai ka zo da wani agogo mai allura ɗaya, wanda ka ciro daga tsohuwar tarakta. Ka ce shi zai nuna mana ƙarfin mai tun kafin a yi ɓarna. Ka ɗiga jan fenti a kan gilashinsa, ka ce in allura ta sauko ƙasa da nan a kashe inji. Agogo ya samu, tiyo ya samu. Abin da ya rage shi ne ɗan mahaɗi na tagulla da zai haɗa tiyon da jikin inji, bai kai babban yatsa ba.

Na farko da ka sawo a Faskari ya yi kauri. Na biyu daga Sabuwa ya shiga zagaye biyu ya tsaya. Kawu Gide ya ce a matsa shi da sifana a ɗaure da roba. Ka ce mashi, "Gide, babur ɗinka duk roba ce ta riƙe shi, kada ka kawo mana nan. Abin da bai shiga da hannu ba, ba nashi ba ne."

Ka feƙe ɗanyen ice, ka murɗa shi a ramin injin har haƙoran ramin suka fito a jikinsa. Da yake idonka ya yi rauni, ni ka kira na ƙirga maka su. Na faɗa a hankali, ka ce, "Ɗiyata, ɗaga murya, inji ba ya jin raɗa." Ka sa icen a kwalin ashana, ka ce sai ranar kasuwar Ƙanƙara. Kafin ranar ta zo ka kwanta.

Bayan sadakar bakwai, matarka Dada ta kira ni ta miƙo mani kwalin. Ta ce, "Ya ce ke za a ba, ke kika san lissafinsa."

Kawu Gide ya kai ni Ƙanƙara a babur. Mai kayan gyara ya miƙo mani wani mahaɗi, ya ce, "Ungo, duk ɗaya ne." Na jera shi da icenka na ƙirga. Na ce, "Alhaji, ba shi ba ne. Haƙoransa sun fi yawa." Ya dube ni, ya yi dariya, ya juye mani gwangwanin tsofaffin kaya a kan buhu. Na daɗe a tsugune kafin na same shi.

Baba, da hannu ya shiga, har ƙarshe. Kawu ya ɗan ƙara mashi da sifana, muka tayar da inji. Allura ta tashi ta wuce jan fentinka ta tsaya cak. Inna ta zauna a kan turmi tana share hawaye, sannan ta ce a kira mata su dawo da hatsinsu. Yanzu ni ce mai duba agogon, kuma in zan yi magana ina ɗaga murya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Dada, da 'ya'yanka Adama da Bilya, da jikokinka duka. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Duk tiyar da injin nan ya niƙa, Allah Ya kai maka ladarta. Amin.