Kakata Tana Neman Ɗan Aike Zuwa Barzahu

A ƙauyenmu da ke kusa da Sinja, an yi lokacin da mara lafiya ya fi tsoron sallamar kakata a kan ciwon da ya kwantar da shi. Tsohuwa ce mai fara'a, kuma ba ta zuwa dubiya hannu rabbana, ko kisra, wato wainar dawa, da miya ce sai ta riƙo. Inda gizo ke saƙa shi ne, da ta gama yi maka sannu sai ta gyara zama a bakin angarib ɗinka, gadon igiyar da kake kwance a kai, ta fara ba ka saƙo.

Abin ya samo asali daga wa'azin da ta ji a wani gidan rasuwa. Malamin ya yi bayanin barzahu, zaman da rai ke yi bayan mutuwa kafin tashin alƙiyama. Ya ce rayukan muminai suna haɗuwa a can, in sabon mamaci ya iso sai su yanyame shi da tambayar mutanen gida: ya wane, wance ta yi aure? Sauran mata suka share hawaye suka koma harkokinsu. Habboba, kamar yadda muke kiranta, abin da ta fahimta kawai shi ne ashe akwai hanyar aika labari.

Tana da labarin aikawa kuwa. Kakana ya rasu ba ya magana da babana. Baba ne kaɗai ɗansa namiji, amma ya bar masa hawasha, gonar da tsohon ya ƙarar da ƙarfinsa a kanta, ya tafi Damazin tuƙa tarakta a gonakin wasu. Bai iso gida ba sai da aka gama rufe kabari. Daga baya ya dawo gaba ɗaya ya kama noman, sai dai tsohon ya riga ya tafi da fushinsa. Wannan abu ya ci Habboba shekara da shekaru. So take mijinta ya san ɗansa ya dawo.

Sai dai 'yan aikenta ba su da alƙawari. Tsohon ladaninmu an riga an juya shi gabas, ta je ta ba shi saƙo, gari na wayewa ya ce a dama masa kunu. Wata maƙwabciyarmu ma haka, yanzu ita ke kai jikoki makaranta. Mutum ɗaya da ya tafi da gaske wani dillalin awaki ne, shi kuma ba ta lissafa shi, ta ce ko a duniya bai taɓa kai magana yadda aka ba shi ba. A hankali har aka fara cewa zuwanta magani ne, masu jinya suka koma aikowa a kira ta. Ranta ya ɓaci matuƙa. Ta ce mutanen garin nan sun gwammace su warke da a aike su.

Ni kaina ban tsira ba. Wata damina zazzaɓi ya kayar da ni, ina da aure da 'ya'ya a lokacin. Na buɗe ido na gan ta zaune, ta ajiye takalma gefe.

"Maigida, kana jina? In kun gamu da kakanka..."

"Habboba, sauro ne fa ya cije ni."

"Na sani, ya walad, yaron nan. Ai ban ce ka tahi ba. In dai anka yi, ka san abin hwaɗi."

Na ce mata malamin bai ce a riƙa aika saƙo ba. Ta ce ita ba aike take ba, su can za su yi tambaya, bai kamata mutum ya tsaya yana rarraba ido ba. Na yi dariya har haƙarƙarina ya amsa, kuma ni ma na warke, na shiga sahun marasa kirki.

Baba kam bai taɓa yin dariyar ba. Kunya abin ke ba shi, da ciwo kuma, don kowane gida an san abin da saƙon ya ƙunsa. Wata rana ya ce, "Inna, don Allah ki bari. Addu'a da sadaka su ke isa gare su."

Ta ce, "Ina yi. Amma kai ba ka ga huskatai ba ranar da yat tahi."

Bai sake ɗago maganar ba.

Wata shekara, da dawa ta fara fitar da kai, Habboba ta kwanta, kowa ya ga ba tashi. Ban taɓa ganin mara lafiya mai walwala irinta ba. Matan da suka yi mata dariya suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, su sunkuya kusa da kunnenta, wata mijinta, wata ɗan da ta binne. Tana karɓa tana tsokanarsu, wai su yi a hankali kada kayan su fi ƙarfinta. Ina zaune ina kallo, tausayinsu da nata ya kama ni.

Baba sai dai ya zo bakin ƙofa ya yi sannu ya juya. Da hantsin wata rana ya dawo daga gona, taɓo har gwiwa, ya shigo ya durƙusa.

"Kai ma da saƙo?" in ji ta.

Ya ce, "Ki ce mai dawa ta yi kyau bana."

"Shi ke nan?"

"Ki ce ni nab ba ta ruwa da hannuna." Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

Ta ɗora hannu a kansa. "Halas, an gama, zan hwaɗa mai. Ka dai san halinai, cewa zai yi ka cika mata ruwa."

Ba ta kai girbi ba. Ranar da aka tashi daga zaman makoki na nemi Baba a gida ban gan shi ba, sai na bi hanyar hawasha. Na tarar da shi tsugune a bakin tur'a, magudanar da ke kawo wa gona ruwa, yana kwasar taɓo da hannu yana rage ruwan da ke shiga dawar.