Zabbin maƙwabciyarmu da tonkar kakata

Sakamako ya fito, na haye jarrabawar biyoloji, kuma wallahi zabbin maƙwabciyarmu ne suka fisshe ni.

Shekarun baya a Filinge, kakata tana da wani irin hatsi da take ji da shi. Ta ce uwarta ce ta binne shi cikin tulu lokacin da sojan Faransa ke bin rumbuna suna kwasa, tun sannan bai bar gidanmu ba. Kullum da dakakkiyar tonka, wato barkono, take cakuɗa shi, ɓera ko kusa ba ya zuwa. Wata rana ta shanya shi a tabarma ta tafi barka, ta ce tonka ta isa gadi. Zabbin suka tsallako suka share shi tas, ko atishawa babu.

Kaka ta ce dabbar Allah ba ta cin tonka haka, turo su aka yi. Gaisuwa ta mutu tsakaninta da maƙwabciyar. Ni ma, gwanin bincike, na ɗanɗana ragowar tonkar don in tabbatar. Na yini bakina cikin randa.

Da damina ta kawo kai, maƙwabciyar ta shigo da ƙwarya cike da irin hatsin nan ta aje ta fita. Ashe Kaka ta taɓa ɗibar mata irin ta manta. Aka shuka, amma zargin bai tafi ba.

Bana a jami'a a Yamai na gane kan zancen. A fatar ƙwayoyin jijiyar harshe akwai wata 'yar ƙofa mai gurbi. Sinadarin tonka ya zauna cikin gurbin daram, ƙofa ta buɗe, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa cewa wuta ta kama. Mu da ɓera haka muke. Tsuntsu ma yana da ƙofar, zafin wuta na buɗe ta, amma siffar gurbinsa ta ɗan bambanta, tonka ba ta samun wurin zama. Tambaya kan wannan na fitowa a jarrabawa na zazzage masu labarin zabbi.

Na kira Kaka na yi mata bayani. Ta ce, "To mai gidana, ka wanke zabbi. Ita kuma bari in kai mata fura."

Har yanzu ina mamakin yadda ɗan gurbin da ido ba ya gani ya raba tsofaffi biyu. Ku tura wa wasu, musamman masu shanya da maƙwabta masu kaji.