Bidiyon da Na Ajiye Ban Kalla Ba

Bayan rasuwar Inna muka gane cewa wuri ɗaya tak ya rage mana inda take motsi. Hotuna kam akwai, amma a cikinsu duk ta ƙame kamar wadda za a yi ma allura. Inda take yawo tana hidima shi ne bidiyon bikin ɗiyar yayata a Kona. Wata maƙwabciya ta ɗauke shi da salula ranar da mata suka keɓe a cikin gida suna rawarsu, babu namiji ko ɗaya, wasu ma sun cire kallabi sun ɗaure ƙugu da shi.

Yaya ta kawo mani katin memwar ɗin ƙulle a haɓar zanenta.

"Kai ne mai tsoron ɓatan abu," in ji ta. "Riƙe. Amma akwai matan mutane a ciki. In idon namiji ya sauka kansu, kai da Allah."

"Har ni, Yaya?"

"Kai ba namiji ba ne?"

Ni tela ne a Tasawa, karatuna a CM2, ajin ƙarshe na firamare, ya tsaya. Na sa katin cikin kwalbar maɓallai, sai na tuna yara suna wasa da ita. Na mai da shi akwati, sai na tuna ɗakin yana yoyo da damina. Na sha ganin kati ya mutu haka kawai a hannun mai shi. In ya mutu Inna ta tafi gaba ɗaya, in na kai shago a kwafe mani kuma na ci amana. Har ɗinki na fara ɓatawa don tunani.

Ƙanen maiɗakina, wanda ke gyaran ordinater, wato kwamfuta, a Mayahi, shi Allah ya turo. Abokin wasana ne, bai taɓa raga mani ba. Ya zo da wata tsohuwar na'ura a bayan babur, ya ce za a ajiye ta a ɗaki a haɗa ta da ƙaramin akwatin wifi, duk wanda ke gidan ya kalli abin da ke ciki ta salularsa ko ta tele: karatun malamai, kokowa, hotunan suna. Samarin gidan suka hau murna. Ni kuwa na tambaya, "Kowa da kowa?" Na ba shi labarin katin.

Ya ce to sai mu zaɓi tsarin da zai tafiyar da na'urar. Akwai wanda ta zo da shi, irin na biro, wato na ofis, mai sauƙi. Ana iya sa mashi kulle, amma ya yi mata nauyi, kuma samari sun san lungunansa kamar kasuwar garinsu. Akwai wani, Linux, marar nauyi, kuma kyauta ne.

"Kyauta? Wa ya yi shi, me yake nema wurina? Ya halatta kuwa?"

"Sadaka suka yi ma duniya, Malam. Ko in kira su su zo su dafa maka Alƙur'ani? Kai ko ruwan sama sai ka tambayi mai shi."

Sai da na tambayi limamin unguwarmu kafin na yarda. Shi ma dariya ya yi.

Sai maganar ajiya. Diski biyu ya kawo. Ya ce ko a haɗe su su zama babban rumbu ɗaya, ko kuma duk abin da aka zuba a ɗaya na'urar ta zuba irinsa a ɗayan, wurin ya ragu da rabi. Samari suka ce a haɗe. Na ce in ɗaya ya mutu fa? Ya ce in an haɗe, komai ya tafi. Ban ma bari ya ƙarasa ba, na ce a yi na biyun. Rabin kokowar da suka tara bai samu wuri ba, suka yi ta kumbura mani baki, na haƙura da su.

Ranar kwafa, na ƙi ba shi katin. Na san in an sa kati a salula ƙananan hotuna ke fitowa tun ba ka taɓa ba. Ya juyo mani da fuskar na'urar: baƙa wuluk, rubutu kawai.

"Duba, mijin yayata. Nan ba fuska, ba ƙafa. Sunan abin kaɗai zan gani."

Haka aka yi. Layin rubutu ya fito, ya tsaya. Na ce ta yaya za mu san ya kwafu daidai alhali ba mu kalla ba? Ya ce na'urar tana fitar ma kowane kwafi wata doguwar lamba kamar zanen yatsa, in ta zo ɗaya to ba abin da ya ɓace. Na bi lambobin da ɗan yatsa, harafi harafi, shi yana hamma da gangan. Sun zo ɗaya.

Ya keɓe ma bidiyon wurinsa mai kulle, irin wanda ko shi ba ya iya buɗewa. Muka fita ƙofar gida ni da shi, maiɗakina ta shiga ta sa kod, lambar sirrin buɗewa, da kanta. Na roƙe ta ta faɗa ma Yaya don gudun mantuwa. Har yau ban san shi ba, kuma ban so in sani.

Da Yaya ta zo cin kasuwa, mata suka taru a ɗaki suka saki labule. Ina zaure kan keken ɗinki ina fargaba ko zai buɗe. Sai na ji kiɗan ƙwarya da shewa. Na tashi zan fita, don ban san hukuncin saurare ba. A nan wata murya ta ratso hayaniyar: "Wa ya bar tukunyar nan a buɗe? Ku rufe, akwai yara."

Inna ce. Na koma na zauna.

Yaya ta leƙo ta gefen labule, idonta jajir. "Auta, kar ka je ko'ina. Kunne ban hana ka ba. A maido maka?"

Na ce a maido. Ƙanen maiɗakina kuwa, babbar rigar sallarsa ni na ɗinka, na zauna na yi mata aikin hannu a wuya. Ya ce hannun ya yi tsawo.