Bayan Hannun Baba Ma'auni

Shekara talatin da biyu Baba Ma'auni yana gyaran mota, kuma sunan nan ba a banza ya same shi ba. Bayan hannunsa kawai zai ɗora a kan tiyon lagireto, ya faɗa maka zafin injin. Abin da ba wanda ya sani a gareji shi ne, ciwon suga ya kashe masa hannun tun bara. Yakan ɗora shi dai don idon mutane, sauran kuma ya cika da dabara. Baba ya san duk ranar da mai gareji ya gane, gida za a ce ya koma ya huta.

Wata rana da azahar wata malamar makaranta ta kawo motarta, allurar zafi ta kai ja, fanka sai ihu take. Mai gareji, mutum ne mai gaggawa, ya ce a sauke kan injin.

"A dakata," in ji Baba. Ruwa bai ragu ba, babu tururi. Ya ɗora hannu a tiyo, kowa ya zuba masa ido. Bawan Allah, bai ji komai ba, kamar ya taɓa katako. Gumi ya karyo masa.

Daidai nan matarsa ta iso da kwanon abinci. Ta dube shi, ta ajiye kwanon, ta dafa tiyon kamar mai neman wurin jingina.

"Malam, yau motar nan ba zafi," ta ce. "Ko ruwan wankan jariri ya fi ta."

Baba ya ja numfashi. "Injin lafiyarsa ƙalau. Sensa mai auna zafi ce ke mana ƙarya."

Ya bari motar ta huce, ya kwance sensar, ga bakinta ya yi tsatsa. Aka sa sabuwa, allura ta tsaya a tsakiya. Mai gareji har da tafi, wai hannun Baba ya fi na'ura.

A bayan shago Baba ya zauna cin abinci kusa da matarsa, kunya ta hana shi ɗaga kai.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ka riƙe kofin shayi yana ƙona ka, kana ta ba ni labari," ta ce. "Shekara guda ke nan ina fifita maka kafin in miƙo."

Ya mayar da lomar cikin kwano. Ita kuwa ta ɗauki murfin kwano, ta ce gobe ma da azahar za ta zo.