Mangwaro Uku a Gonar Aro

Edita, ina gaisuwa. Lokacin da wannan abu ya faru ni dillalin wake ne a Konni. Da amalanken jaki na fara har na mallaki mangaza biyu, wato ɗakunan ajiyar hatsi. Na san awo, na san mutane, kuma ban saba yanke shawara in dawo ina juyayi ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan tsallaken iyaka, wani manomi da nake sayen wake a hannunsa ya iso wurina da matarsa da yara, daga tabarma sai tukunya. Na buɗe musu mangazata ta garin Bazaga, na ara masa gefen gonar gadonmu. Masu agaji sukan kawo gero su tafi, amma gonar nan ce ta zaunar da shi. Ya noma ta, yaransa suka shiga lakwal, wato makarantar boko, har ya fara yi mini tsiya kan mudun awona.

Sai ya dasa mangwaro uku a bakin gonar. A wurinmu mai aron gona hatsi yake shukawa, ba ya dasa itace, don itace shaidar mallaka ce. 'Yan'uwana suka taso, wai gobe jikokinsa za su nuna itatuwan su ce ƙasar kakansu ce. Maigari ya kira ni ya ce in san abin yi. Na sami manomin yana ba itatuwan ruwa da buta, na tambaye shi ko bai san al'ada ba. Ya ce ya sani, haka take a garinsu ma. Mangwaron ƙofar gidan mahaifinsa ne guzurinsu ranar gudu. Yara suka sha, shi ya raini ƙwallayen a gwangwani.

"Alhaji, ba gonarka nake so ba," in ji shi. "So nake wani abu na gidanmu ya rayu."

Da na ce ya maido su tsakar gidana, da magana ta ƙare. Ban yi wannan tunanin ba. Na auna baƙo ɗaya da dangina, na karɓe gonar ana jiran ruwan shuka. Bai yi musu ba, godiya ma ya yi. Ba wanda ya sake ara masa ko taku ɗaya. Ya bar mini iyalinsa ya ƙetara iyaka don ya shuka tasa gonar ta garinsu. Bai dawo ba. Hauyarsa kawai aka tsinta a kan kunya.

Matarsa tana mangazar har yau. Takan gaishe ni, in amsa, in wuce wurin awo. Ban yi kuka ba, ban kuma ji komai ya motsa a ƙirjina ba tun ranar da aka tsinci hauyar.

Abin da na gane shi ne, wanda yaƙi ya koro ba baƙon kwana uku ba ne. In za ka ara masa gona, ka tara dangi da maigari tun farko, a faɗi abin da zai shuka, kada kuma ka karɓe ta a bakin damina. Itatuwan ba wanda ya sare su. Bana suka fara 'ya'ya, yaran 'yan'uwana ne ke tsinka.